Shagala a Kan Sitiyari: Nauyin da Ke Wuyan Iyaye da Iyali

Shagala a kan tuƙi ita ce duk abin da zai janye idon direba daga titi, ko hannunsa daga sitiyari, ko hankalinsa daga aikin da ke gabansa, alhali mota tana tafiya. Cin abinci yana ɗauke hannu. Leƙen haɗarin da ya auku a ɗaya hannun titin yana ɗauke ido. Tunanin bashi ko rigimar da aka baro a gida yana ɗauke zuciya. Rubuta saƙo a waya kuwa ya haɗa ukun a lokaci guda, shi ya sa masana harkar kiyaye haɗurra suka fi jin tsoronsa.

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2023 ya nuna cewa kimanin mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa a haɗarin titi duk shekara, kuma babu abin da ya kai shi kashe yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29. In aka auna mace-macen da yawan jama'a, Afirka ce a kan gaba. A Amurka, inda ake bin diddigin dalilan haɗurra, hukumar kula da lafiyar manyan tituna ta ƙidaya mutum 3,308 da suka mutu a 2022 a haɗurran da shagala ke da hannu a ciki. Ko wannan adadin ma bai kai ainihin ɓarnar ba, domin wanda ya mutu ba ya ba da labari, wanda ya tsira kuma da wuya ya amsa cewa waya yake dubawa. Haɗurra da yawa da akan rubuta da sunan gudun wuce sa'a ko ƙwacewar mota, asalinsu ɗauke ido ne na ɗan lokaci.

Ɗan lissafi zai nuna girman wannan ɗan lokacin. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa, wanda shi ne gudun da aka saba gani a titunan cikin gari, tana cinye kusan mita 17 a kowace daƙiƙa. Direban da hankalinsa ke kan titi yana buƙatar kimanin daƙiƙa ɗaya da rabi tsakanin ganin abu da taka birki, a nan ya riga ya ci mita 25. Birkin kuma, a kan busasshiyar kwalta da taya mai kyau, zai ja shi wasu mita 20 kafin ya tsaya cak. Jimilla mita 45 ke nan. Yanzu a ɗauka wata yarinya mai talla ta faɗo titi a daidai wannan tazarar. Direba mai lura zai tsaya a gabanta, da ƙyar da jiɓin goshi. Wanda ya sunkuya daƙiƙa biyu kacal don ya ga wa ke kira, ya ƙara wa kansa mita 33 da ya yi ido rufe, saboda haka zai isa kan yarinyar ƙafarsa ba ta ko taɓa birki ba, da cikakken gudunsa. A babbar hanya irin ta Kaduna zuwa Kano, inda ake taka kilomita 100 a awa, daƙiƙa biyar ɗin da ake ɗauka wajen karanta gajeren saƙo sun kai mita 139, fiye da tsawon filin ƙwallon ƙafa.

Direbobi da yawa, musamman waɗanda suka daɗe a hannu, sun yi imani cewa ƙwarewa tana ba su ikon haɗa tuƙi da wani aiki. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba ta yin ayyuka biyu masu buƙatar tunani a tare. Tsalle take yi daga wannan zuwa wancan, kuma kowane tsalle yana cin lokaci. Taura biyu ba ta taunuwa. A 1999 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu, Daniel Simons da Christopher Chabris, sun nuna wa mutane bidiyon 'yan wasa suna jefa wa juna ƙwallo, suka ce a ƙirga jifan. Ana cikin haka wani ya ratsa tsakiyar 'yan wasan sanye da shigar goggon biri. Kusan rabin masu kallon ba su gan shi ba, alhali idanunsu na kan allon. Abin da ke faruwa ke nan da direban da ke ciniki ko sasanta rigima ta waya. Idonsa a buɗe yake, yana fuskantar titi, amma mai babur ɗin da ya fito daga lungu bai shiga lissafinsa ba. In ya ce wallahi bai gan shi ba, gaskiya ya faɗa.

Binciken da ya fara tayar da hankalin duniya a kan waya an yi shi ne a birnin Toronto na Kanada, aka buga a 1997. Donald Redelmeier da Robert Tibshirani sun duba bayanan kiran direbobi 699 da suka yi haɗari, suka gano cewa yiwuwar yin karo tana ninkawa kusan sau huɗu a lokacin da mutum ke kan waya. Abin da ya fi ba da mamaki shi ne, masu magana ba tare da riƙe wayar a hannu ba su ma ba su tsira ba. A 2006 David Strayer da abokan aikinsa a Jami'ar Utah sun gwada direbobi a na'urar kwaikwayon tuƙi, suka ga cewa mai magana a waya yana tafka kurakurai daidai da wanda ya sha barasa har iyakar da dokar Amurka ta haramta tuƙi. A 2009 kuma cibiyar binciken sufuri ta Virginia Tech ta sa kyamarori a manyan motoci, ta gano cewa direban da ke rubuta saƙo ya ninka sau 23 wajen yiwuwar faɗawa haɗari ko kusantarsa. Saboda irin waɗannan hujjoji ne Faransa ta hana direbobi sa abin sauraro a kunne tun 2015. Wanda ya maƙala iyafis ya 'yantar da hannunsa ne kawai, hankalinsa yana can wajen abokin maganar.

Akan tambaya, to me ya raba wannan da hira da wanda ke zaune a gidan gaba? Bambancin a fili yake. Fasinja babba yana ganin titin da direba ke gani. In tirela ta shigo hannunsu, shi da kansa zai yi shiru, ko ya ce a kula. Wanda ke can gida ko kasuwa ba ya ganin komai, zuba zai ci gaba da yi, in ya ji shiru ma ya ce, "Kana ji na kuwa?"

Yara ƙanana sun fi kama da mai kiran waya, domin su ma ba su san lokacin da ya kamata a ƙyale direba ba. Masu bincike a Jami'ar Monash ta Ostireliya sun sa kyamara a motocin iyalai 12 har tsawon mako uku, suka fitar da sakamakon a 2013. A tafiyar minti 16, iyaye kan ɗauke ido daga titi na jimillar minti 3 da daƙiƙa 22, galibi wajen waiwaye ko leƙen yaran ta madubi. Iyalai 12 ba su da yawa, don haka ba za a ɗora komai da komai a kan wannan adadi ba, amma duk wanda ya taɓa kai yara makaranta ya san hoton. Bakwai da rabi ta gota, ana fargabar a rufe ƙofar makaranta. Ɗaya ya zubar da shayi a kan yunifom, biyu suna kokawa a kan wa zai zauna bakin taga, ƙaramar ta miƙe tsaye tsakanin kujerun gaba tana jan hular babanta. Shi kuma hannu ɗaya a sitiyari, ɗayan yana lalube a baya yana neman wanda zai make, yana tsawa, ga 'yan Adaidaita Sahu suna kutsawa ta hagu da dama. Wannan uban ba ya cikin masu ganganci a nasa ganin, bai ma taɓa wayarsa ba, amma rabin hankalinsa yana kujerar baya.

Maganin wannan yana farawa tun kafin a tayar da mota. Yaron da aka ɗaure a mazauninsa ba ya yawo, wanda ba ya yawo kuwa ba ya buƙatar a riƙa waiwayensa. Ƙa'idar hanya a Najeriya ta hana zaunar da yaro ɗan ƙasa da shekara 12 a gidan gaba, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kujerar jarirai ta mota tana iya rage mutuwar jarirai a haɗari da kashi 71 cikin ɗari. Duk da haka abin da aka fi gani a titi shi ne jariri a cinyar uwa a kujerar gaba, ko yaro a tsaye yana dafe da gilashi, ko ma uba ya ɗora ɗansa tsakaninsa da sitiyari don nuna ƙauna. In aka yi karo, ko da a gudun cikin gari ne, nauyin yaro yakan ninka sau da dama, babu hannun uwar da zai iya riƙe shi, jakar iskar da ke fashewa don kare babba kuma tana iya hallaka ƙarami. Gaskiya ne kujerar yara tana da tsada, kuma motar da ta ɗauki yara shida ba ta da gurbin kujera shida. Inda ba a samu ba, akwai abin da bai fi ƙarfin kowa ba: yara duka a baya, a sa wa manyan bel, a danna makullin nan na gefen ƙofa da ke hana buɗe ta daga ciki, a kulle gilasai daga wajen direba. In akwai babba na biyu a motar, wurinsa yana baya tare da yaran, ko da kuwa hakan ya saɓa wa al'adar cewa uwargida ce ke zama a gaba. A ciyar da su, a kai su bayi, a ba kowa ruwansa a hannu kafin a fita. A kuma sanar da su doka ɗaya da ba ta canzawa, cewa abin da ya faɗi ƙasa sai an tsaya za a ɗauko.

Akwai wani ɓangare da ba a cika tattaunawa ba, wato rawar da mutanen gida ke takawa alhali ba sa cikin motar. Kiran da direba ya fi kasa ƙin ɗauka daga gida yake fitowa. Uwargida ta kira ta ce, "Maigida, ka taso kuwa? Ka biya ka sayo mana burodi." Mahaifiya ta kira ɗanta da ke kan hanyar Zariya sau uku don ta ji ko ya isa lafiya, kuma kowane kira yana rage masa damar isa lafiyar. A tarbiyyar Bahaushe, barin kiran mahaifi ko suruki ko maigidan aiki ya katse ba a ɗauka ba rashin ladabi ne, shi ya sa mutum zai gwammace ya ɗauka yana tsakiyar shataletale da a ce ya yi girman kai. Direba shi kaɗai ba zai iya warware wannan ba. Sai manyan gida sun furta da bakinsu cewa wanda ke tuƙi an yafe masa ɗaukar waya, kuma rashin ɗaukarsa ba raini ba ne. Mai kira ya fara da tambayar, "Kana tuƙi ne?" In an ce e, ya kashe ba tare da ƙarin ko kalma ɗaya ba. Mai tafiya kuma ya faɗi lokacin da yake sa ran isa da inda zai yada zango, don kada zullumi ya sa a dame shi. Saƙon cefane a ba da shi kafin a fita, ko a tura a rubuce ya karanta in ya tsaya.

Ita kanta wayar, dogaro da ƙarfin zuciya wajen ƙin duba ta ba ya aiki, don an ƙera ta ne ta ja hankali. Ƙarar alat na banki ko saƙon WhatsApp tana sa hannu ya miƙa kafin tunani ya zo. Abin da ke aiki shi ne nisanta ta: a sa ta a yanayin shiru, a jefa a jaka ko aljihun mota, ko a miƙa wa na kusa ya zama shi ne mai amsawa. Tun 2017 wayoyin iPhone ke da tsarin da ke toshe saƙonni in mutum yana tuƙi, har ya mayar da amsa da kansa, wayoyin Android ma suna da makamancinsa. Mai bin taswira ya saita ta kafin ya sa giya, haka tashar rediyo ko karatun da zai saurara. Tsayawa a danja ma ba dama ba ce. Wani binciken Jami'ar Utah na 2015 ya nuna cewa hankali yakan kai daƙiƙa 27 bai gama dawowa kan titi ba bayan mutum ya gama ba wa waya umarni da murya, ke nan wanda ya duba saƙo a danja yana ratsa mahaɗar titin ne da ragowar shagalarsa.

Gaggawa da gajiya da fushi suna ƙara wa shagala ƙarfi. Mintocin da suka rage a sha ruwa a watan azumi, jajibirin sallah, da watanni huɗun ƙarshen shekara da hukumomi ke tsananta gargaɗi a cikinsu, duk lokuta ne da iyali ke cika mota a ƙagauce. Fita da wuri da minti goma yana kawar da rabin tsawar da ake yi wa yara. Maganar da za ta tayar da jijiyar wuya tsakanin miji da mata, kuɗin makaranta ce ko ta dangi, a bar ta sai an sauka.

Iyalai da yawa ba su da mota, babur ne abin hawansu, kuma a kansa kuskure ba ya da gyara. Ana ganin uba da yaro ɗaya a kan tanki, biyu a baya, waya a maƙale tsakanin kunne da kafaɗa, kansa a karkace. Wanda kansa ke karkace ba ya ganin gefe ɗaya na titi, hannunsa kuma ba ya sake a kan birki. Haka nan iyayen da suka yi jinga da mai Adaidaita Sahu ko suka ɗauki direba don kai yara makaranta, amanar da suka ba shi ba ta sauke musu nauyi ba. Ya kamata hana taɓa waya ya shiga cikin sharuɗɗan aikin tun ranar farko, a riƙa tambayar yaran yadda yake tuƙi, kuma iyayen su daina kiransa a lokacin da suka san yana hanya. Ba daidai ba ne a hana direba waya sannan a yi masa faɗa don bai ɗauki kiran Hajiya ba. A motar haya kuwa, fasinjan da ya ce direba ya ajiye waya yakan sha gori, a ce masa matsoraci, ko a ce ajali in ya zo ba makawa. In mutum biyu ko uku suka goya masa baya, direba yakan ajiye. Shirun sauran fasinjoji ne ke ba shi ƙarfin gwiwa.

Yaro yana koyon tuƙi shekaru da yawa kafin ya taɓa sitiyari, daga kujerar baya, yana kallon hannun mahaifinsa. Uban da ya shekara goma sha biyar yana amsa waya a kan hanya ba shi da bakin hana ɗansa ranar da ya miƙa masa makulli. Matashi kuma yana da ƙarin rauni biyu, ƙarancin gogewa da son burge abokai. Wani bincike da gidauniyar kiyaye haɗurra ta AAA ta fitar a Amurka a 2012 ya nuna cewa direba ɗan shekara 16 ko 17 in ya ɗauki matashi ɗaya, yiwuwar mutuwarsa a haɗari tana ƙaruwa da kashi 44 cikin ɗari. In biyu ne ta ninka, in uku ne ko fiye ta ninka sau huɗu. In kuwa babba ɗan shekara 35 ko fiye ne a gefensa, sai ta ragu da kashi 62. A Najeriya sai mutum ya cika shekara 18 ake ba shi lasisi, amma a unguwanni da dama ana ba ɗan shekara 15 mota ya kai ƙannensa Islamiyya, ana ma alfahari da shi. Ranar ɗaurin aure ko kai amarya abin ya fi muni: jerin gwanon motocin aro, samari a sitiyari, kiɗa ya cika mota, ana tsere, direban da kansa yana ɗaukar bidiyon da zai ɗora a TikTok. Motocin nan na iyaye ne da yayye, su ne suka ba da makullan, kuma suna da ikon gindaya sharaɗi ko hanawa. Sabon direba ya fara da tafiya tare da babba, da rana, ba abokai, waya a kulle, sannan a riƙa sake masa mara a hankali gwargwadon natsuwar da ya nuna.

Ta fuskar doka, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, wadda aka kafa a 1988, ta sa amfani da waya a kan tuƙi cikin laifukan hanya, kuma tarar da aka daɗe ana yanka wa mai laifin ita ce Naira 4,000. A 2017 hukumar ta fara tura masu irin wannan laifi asibiti a duba lafiyar ƙwaƙwalwarsu. Jihohi ma suna da nasu jami'an, kamar KAROTA a Kano. Tarar ba ta taka kara ta karya ba in aka kwatanta da Birtaniya, inda tun 2017 ake cin tarar fam 200 da maki shida a kan lasisi, abin da ke raba sabon direba da lasisinsa a karo ɗaya. Kuma babu jami'in da zai iya ganin abin da ke gudana a cikin kowace mota. Ta fuskar addini, Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Brunei a 1993, ta yanke cewa bin dokokin hanya da ba su saɓa wa shari'a ba wajibi ne, kuma direba yana ɗaukar alhakin ɓarnar da sakacinsa ya jawo. Kisan kuskure yana da diyya da kaffara, har da azumin wata biyu a jere, kuma ba a ɗauke wa mutum kaffarar don wanda ya mutu ɗansa ne. Faɗin cewa ƙaddara ce ba ya goge sakacin da ya gabace ta.

Duk shirin da aka yi, wata rana jariri zai tsala kuka, ko yaro ya yi amai, ko a yi kiran da ba ya jira. Abin yi shi ne tsayawa, ita ma tsayawar da ƙa'idarta. A duba madubi, a ba da sigina, a rage gudu a hankali, a sauka daga kwalta gaba ɗaya, ba a kan kwana ko gada ko bayan tudu ba, inda mai tahowa ba zai hango motar da wuri ba. A ja birkin hannu, a kunna fitilun gargaɗi. In yara za su fito, su fito ta ƙofar da ba ta kallon titi, babba ya riga su sauka. A doguwar tafiya, musamman a hanyoyin da ake fargabar tsaro, gidan mai ko cikin gari ya fi dacewa da tsayawa a daji, don haka a tsara zangon tun daga gida, kamar bayan kowace awa biyu, a nan a amsa kiraye-kirayen da suka taru, yara su miƙe ƙafa. In kuma an tarar da haɗari a hanya, direba ya bar kallon, wanda ke gefensa ya kira lambar gaggawa ta FRSC, wato 122, ya faɗi wurin da alamar da ta fi kusa.